Ido Uku, Biyu Makafi

A da in baƙo ya zo majalisa a Dudunni, hularsa da takalminsa ake fara dubawa. Yanzu sai an jira ya zauna. Zai tattara riga, ya gyara zama a benci, ya sa hannu aljihu a hankali, ya zaro waya ya kifa ta a cinya, bayanta na kallon jama'a. Ba kira ne ya shigo ba, ba kuma lokaci zai duba ba. Gaisuwa ce ta biyu. A ta farko ya tambayi lafiyarku da gajiya da iyali, a ta biyun kuwa labarin tasa lafiyar yake ba ku. Ku kuma sai ku ƙirga idanun da ke bayan wayar. Ido ɗaya, ana nan ana fama. Ido biyu, an fara ganin haske. Ido uku da hoton tuffa da aka gutsura, to a matsa masa, a aika yaro ya kawo ruwa mai sanyi, wanda kuma ke da matsalar kuɗin taki ya fara shirya yadda zai buɗe zance.

Mu da muka ga zuwan abin nan mun san ba yau aka fara ba. A watan Janairun 2001 gwamnatin Obasanjo ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane kamfani ya biya dala miliyan 285, a watan Agusta MTN da Econet suka fara aiki. Layi kaɗai a lokacin ya kai naira dubu 20, kira kuma naira 50 ne a minti, ko da "salamu alaikum" kawai ka ce layin ya katse, sai da Glo ta zo a 2003 aka fara lissafi da daƙiƙa. Kafin sabis ya ratso ƙauyukan Kusada da Kankia, akwai waɗanda suka riga shi isowa da wayoyinsu. Mutum zai rataya ta a wuya da igiya, ya wuni da ita a kasuwa, in yana son ta yi magana sai ya hau tudu ko ya fita bakin titin Kano zuwa Katsina. Tun ran nan aka gane cewa waya aiki biyu take yi, a yi magana da ita, a kuma gan ta, kuma na biyun ba ya bukatar sabis.

To, ashe Turawa sun riga mu gane wannan, har sun buɗe masa masana'anta. A 1998 kamfanin Nokia ya kafa wani reshe mai suna Vertu, wanda ba ruwansa da talaka ko kaɗan. Wayarsu ta farko ta fito a 2002. A wani ƙauye na Ingila da ake kira Church Crookham ake haɗa su da hannu, mutum ɗaya ke harhaɗa waya guda daga farko har ƙarshe, in ya gama ya sa hannunsa a cikinta. Bayanta fata ce ta gaske, fuskarta wani gilashi ne da maɓalli ba ya karce shi, a ƙarƙashin madannanta an dasa ƙananan duwatsun yaƙutu don in ka danna ka ji daɗi a yatsa. Ƙarar shigowar kira ma ƙungiyar makaɗan birnin Landan aka sa ta kaɗa. Duk wannan, kuma in ka zo batun abin da waya ke yi, ba ta fi Nokia ta gama-gari da komai ba. Murya ɗaya ce, "ba na jin ka sosai" ɗaya ne.

Abin da suka fi taƙama da shi wani maɓalli ne a gefen wayar. In ka danna, wani ma'aikaci zai ɗauka, dare ko rana, ya ce me ranka ke so. Kujerar jirgi, ɗakin otal, tebur a gidan cin abinci, duk zai nemo maka. Na yi ta tunanin wannan bawan Allah in kira ya same shi daga Dudunni. "Yauwa, yaro, ka duba mani ko motar Kano ta cika a Gidan Mutum Ɗaya, sannan ka tambayo nawa aka sayar da tiyar gero yau, in za ka dawo ka biya ta wurin mai kilishi." Mu ai tuni muna da wannan maɓalli, kuma ba caji yake ci ba. Ka leƙa ƙofar gida ka ce "kai, zo nan," yara uku za su taso a guje, ladan aikin kuma bai wuce "Allah ya yi maka albarka" ba.

A 2006 Vertu ta haɗa kai da Boucheron, masu kayan ƙawa na birnin Faris, suka fitar da wata waya da aka naɗe ta da siffar maciji, gamsheƙa sak, jikinsa jan yaƙutu ɗari huɗu da ɗoriya, idanunsa zumurrudu. Guda 8 kacal aka ƙera, kowace dala 310,000. A ce mutum ya tara wannan dukiya ya rasa abin da zai manna a kunnensa sai gamsheƙa. Da mai ita zai ajiye ta a tabarma a garinmu bayan magariba, kafin ya gama alwala wani mai son lada ya riga ya sauke mata taɓarya.

Sai kuma sana'ar da ta fi ba ni sha'awa, wato wayar tunawa da wani biki. A 2007 kamfanin motocin Ferrari na Italiya ya cika shekara 60, sai Vertu ta fitar da waya ta musamman guda 1,947, daidai da shekarar da aka kafa kamfanin motar, kowace da lambarta a jiki. Ka lura da kyau. Ba bikin mai sayen ba ne, ba na ubansa ba ne, ba a ma gayyace shi ba. Wasu ne can suka cika shekara, shi kuma ya biya kuɗin murna. A 2017 Apple ta yi irin wannan, wayarta ta cika shekara goma da fitowa, ta fitar da iPhone X a kan dala 999. Daga 8 suka yi tsalle zuwa 10, har yau ba wanda ya tsare su ya tambayi ina 9 ta shiga. A Rasha kuwa akwai wani kamfani, Caviar, da sana'arsa ita ce ya ɗauki wayar wasu ya shafe ta da zinariya ya manna mata fuskar Putin. Ya yi wa iPhone haka a 2014. Da aka dawo da Nokia 3310 a 2017, wadda kuɗinta bai wuce yuro 49 ba, ya manna mata fuskar ya sa mata kuɗin Rasha 99,000. Wasan macijin da ke ciki bai ƙara tsawo ba.

A waccan shekarar dai ta 2017, a watan Yuli, masana'antar Vertu ta Ingila ta durƙushe, ma'aikata kusan 200 suka rasa aiki. Daga baya wasu sun ɗauki sunan sun ci gaba da sayar da waya da shi. Amma abin lura shi ne, shekarar da mai yaƙutu ta faɗi ita ce shekarar da aka tono 3310 daga kabari saboda mutane sun yi kewarta.

Kada mai karatu ya ɗauka abin na masu jajayen kunnuwa ne kawai. Tecno, wadda ita da 'yan uwanta itel da Infinix suka cika aljihunan ƙasar nan, ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar ƙwallon Manchester City a 2016, a shekarar da ta biyo baya ta fitar da Camon CX ta musamman mai tambarin ƙungiyar a baya. Ka ga wannan ta shigo har gidan kallo. Sai dai matsalarta, in mai ita ɗan Arsenal ne ko Barcelona, dole ya nemi abin da zai rufe bayan, in ba haka ba ya sha tsiya har a tashi wasa.

Kuma in gaskiya za a faɗa, a fagen abin tunawa ba mu da abin koyo a wurin kowa. Wace amarya aka kai a ƙasar Katsina ba a raba kalanda da memo ba? Shiga kowane ɗaki ka duba bango, za ka ga ango da amarya sun jingina kai suna murmushi a kalandar shekarar da ta wuce da daɗewa, wani auren ma tuni ya mutu, matar ta yi wani ta haifi uku, kalandar na nan tana tare tsagar bango. Akwai bokitin roba mai hoton jariri, akwai agogon bango mai hoton wanda ya sauke Alƙur'ani, akwai atamfar siyasa da ake ɗinka wa yara bayan ɗan takarar ya sauya jam'iyya sau biyu. Gwamnati ma ba a bar ta a baya ba. A 2010 Babban Banki ya buga naira 50 ta musamman don cikar Nijeriya shekara 50 da 'yanci, a 2014 ya buga naira 100 ta tunawa da shekara 100 da haɗe Kudu da Arewa. Na kai wa mai ƙosai sabuwar ɗarin nan, ta juya ta gaba da baya, ta yaba kyanta, ta ƙirgo mani ƙosan da ta saba. Bambancinmu da su Vertu guda ne: mu namu abin tunawar kyauta muke rabawa, har a yi fushi da mu in bai kai ga kowa ba.

Yanzu mu dawo kan ƙira, tunda ita ake biya wa kuɗin. Injiniyoyi za su shekara suna gardama a kan yadda za a rage kaurin waya da abin da bai kai kaurin farce ba. A goge gefenta, a zaɓi ƙarfen da ake ƙera jirgin sama da shi, a yi taro a kan launi. Ran da ta iso hannun ɗan Dudunni, kafin ya bar shagon, zai sa a manna mata gilashin kariya a fuska, wani a kan idanun, sannan a zura ta cikin rigar roba mai kauri, mai hoton zaki ko na wani mawaƙi, da zobe a baya. Wayar da aka yi wa wahala ta zama siririya ta koma ba ta shiga aljihun gaba. Ba zai ƙara ganin ainihin jikinta ba sai ran da zai sayar, ran nan ne zai tuɓe ta ya ce wa mai saye, "Duba da kyau, ko ƙwarzane babu." Wato shekara biyu yana yi wa wani gadin kyanta. Iyayenmu mata sun yi haka da jeren kwalla da langa a ɗaki, a wanke a goge a mayar, ba a taɓa zuba tuwo a ciki ba, amma su ko ba komai suna ganin abinsu kullum. Abu ɗaya ne masu yin rigar roba ba sa kuskure a kai: sukan bar ƙofa zagayayya a tsakiyar baya, daidai inda tuffar take.

Wani ɗan yayata da ke bin motar kaya zuwa Kano ya dawo kwanakin baya da waya ruwan goro, irin launin da Apple ta fitar a 2025, ido uku reras. Majalisa ta kaure. Da aka watse na ce ya kawo in gani, na buɗe kyamara na ce ya nuna mani aikin kowane ido. Ya sosa ƙeya.

"Kawu, ai ɗaya ne ke gani."

"Sauran biyun fa?"

"Na ado ne."

Ashe iPhone XR ce ta 2018, mai ido ɗaya tal, aka kai ta wani shago aka sauya mata gida. Sana'a ce yanzu mai zaman kanta, daga Cana ake kawo gidajen, wasu ma a can ake sauyawa su iso a shirye. Ba cutarsa aka yi ba, shi ya je da ƙafarsa ya ce a yi masa, ya san abin da ya saya. Na ce to meye amfanin? Ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda zamani ya wuce, ya ce, "Kawu, wa zai buɗe cikinta? Baya ake kallo." Na rasa amsa. Yaron nan bai gama sakandare ba, amma ya gano abin da masu yaƙutu suka gina kamfani a kansa, kuma shi a farashi mai sauƙi ya samu.

Farashin ma abin magana ne, don kowace babbar waya a garin nan kuɗi uku gare ta. Akwai na gida, wanda ake faɗa wa tsoho. "Baba, ta hannu ce, wani abokina ne ya matsu ya sakar mani." Tsoho ya jinjina ta a tafin hannu, ya ce ko a hakan ai kuɗin tunkiya ne, ya yi salati ya miƙa. Akwai na majalisa, wanda ake ninka na gaskiya a kuma ƙara da "ban da caja." Akwai na wurin zance, wanda ba a faɗa da baki, sai dai a yi ta duba saƙon da bai shigo ba har yarinya ta tambaya da kanta. Na gaskiyar kuwa mutum biyu ne suka sani, mai shago a Farm Centre ko titin Beirut a Kano, da wanda aka ranci cikon a wurinsa.

In ta ainihin ce sabuwa a kwali, lissafin ba shi da daɗin ji. iPhone 16 Pro Max ta fito a watan Satumban 2024 a kan dala 1,199, a lokacin da dala ta haura naira 1,500. Watanni biyu kafin nan aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ma'aikacin da ke kan wannan mataki zai yi fiye da shekara biyu bai ci ba, bai sha ba, bai sayi sabulu ba, kafin ya kai gare ta, in ya kai kuma an fitar da wasu biyu a bayanta, tasa ta zama tsohon yayi. Duk da haka ta fara leƙa akwatin lefe. Masu karɓar kaya da a da suke ƙirga turamen atamfa da leshi, yanzu akwai wata 'yar budurwa da ake ajiyewa a gefe, aikinta ta karanta bayan kwali ta faɗa wa gwaggo ko lamba nawa ce.

Wurin da na fi son zama in kalli duniya shi ne shagon mai caji. Rumfa ce ta kwano, katako an jera masa soket sun fi hamsin, igiyoyi sun sarƙe, janareta na kuka a baya ko faranti biyu na sola a kan rufi. Mai cajin ba ya tambayar tarihi. Ya karɓa, ya yago 'yar takarda mai gam, ya rubuta lamba da biro ya manna a baya, sau da yawa a kan tuffar, ya ba ka guntun kwali mai irin lambar. Sannan ya kwantar da ita tsakanin wata itel da aka ɗaure da kyauro da wata rediyo mai kama kati.

"Alhaji, ka zo da igiyarka? Irin bakinta ba ni da shi."

Alhaji ya koma gida ɗauko igiya. Da yamma ya dawo ta cika, kafin sallar isha'i ta koma ja. Ita kuwa mai kyauron sai bayan kwana huɗu za a sake ganin ta.

Shi ya sa duk mai babbar waya a nan yana da ƙarama a ɗaya aljihun, wadda aka yi wa laƙabi da rakani-kashi saboda tocilarta. Kakarta Nokia 1100 ta fito a 2003, an sayar da fiye da miliyan 250, ba yaƙutu ba zumurrudu. Da ƙaramar ake kiran dillali, da ita ake sanar da rasuwa, ita ke karɓar saƙon banki, ita ake miƙa wa tsohuwa ta gaisa da ɗanta da ke Legas. In ta faɗi ta rabu uku, ka tsince ka haɗa ta ci gaba da aiki, sai dai ka gyara mata lokaci. In ana maganar ƙira da ta san inda za ta zauna, a nan take, da wurin kamfanin nan na Shenzhen mai su Tecno, da ya zo ya lura muna da layi biyu saboda sabis ba shi da alƙawari, ba mu da wuta, fatarmu kuma baƙa ce, ya yi waya mai layi biyu, mai batir mai jimiri, mai kyamarar da ba ta mayar da mutum inuwa. Amma wa zai kifa wannan a cinya?

Abin dariyar bai ƙare ba sai Alhaji ya tashi shiga Kano. A can ne ake da waɗanda suka san darajar wayarsa har zuwa naira ta ƙarshe, kuma wasunsu da wuƙa suke yawo. Tun daga Bichi zai kashe ta, ya naɗe a hankici, ya tura can cikin aljihun 'yar ciki, ya fito da rakani-kashi ya riƙe a hannu har ya gama harkokinsa. Inda aka san kuɗinta ɓoye ta yake yi, inda yake nuna ta kuma rabin majalisar ba su bambance ta da ta ɗan yayata ba. A watan Satumban 2021, da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, su Dutsin-Ma da Safana da Batsari da Malumfashi, na tsawon watanni, manyan wayoyin can duk tocila suka koma, a tocilar ma ƙaramar ta fi su daɗewa.

Tunda dai abin ya zama na tunawa, ina da shawara. Ran 23 ga Satumban 2027 Jihar Katsina za ta cika shekara 40 da ƙirƙirowa. Me zai hana mu ma a ƙera mana tamu, guda 1,987, kowace da lambarta? A sa mata batir mai kai mako, tocila mai haska zaure, lasifikar da za a ji wa'azi daga nan har bakin rijiya, da jikin da zai jure faɗowa daga kan amalanke. Ido kuwa a sa biyar, ko ɗaya ne ke gani ba damuwa. A baya a zana hasumiyar Gobarau da ruwan zinariya.

Na kawo wannan a majalisa, aka karɓa hannu bibbiyu, nan take aka fara tsara kwamiti. Wani ya ce ba zai yiwu a yi abu irin wannan ba hoton gwamna. Wani ya ce in an sa gwamna dole a sa mataimaki. Na gefensa ya tuna da ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Kankia da Ingawa da Kusada, aka ƙara na jiha, aka ƙara ciyaman, kansila ya aiko a faɗa mana yana raye. Masu sarauta kuma ba a sa su a ƙasan 'yan siyasa, sai a sama. Da aka auna bayan wayar da kwalin ashana, aka ga hasumiyar ba ta da wuri, idanun ma sai an rage uku. Ana cikin gardamar wanda hotonsa zai fi girma aka kira magariba, ma'ajin kwamiti ya tashi da kuɗin rajistar mutum tara, ya ce wayarsa ba caji, a neme shi a ƙaramar.